Daga gatarin aradu zuwa kibiyoyin Tenere: yadda mutanen farko suka mai da dutse wuƙa

A ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, idan manomi ya ci karo da wani ɗan dutse mai santsi, mai baki irin na gatari, sunan da ya san shi da shi ke nan: gatarin aradu. Akan ce tsawa ce ta jefo shi daga sama, shi ya sa wasu ke adana shi a ɗaka, wasu kuma su kai wa masu magani. Turawa ma sun daɗe da irin wannan tunani, domin shekaru ɗaruruwa suna kiran waɗannan duwatsu da sunan tsawa kafin su amince cewa hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa su.

A Agadas kuwa duwatsun sun daɗe da zama haja. Tun zamanin da ƴan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa Abzin da Tenere, ana baje kawunan kibiya na dutse a faifai ko a kan tabarma tare da azurfa da kayan fata. Baƙin sun ragu ƙwarai tun daga tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya, amma cinikin bai mutu ba, ya koma intanet, inda har yau ake tallar kibiyoyin Sahara ga masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka.

Abin da mai tsinta da mai saye ba su cika lura da shi ba shi ne, dutsen da suke zaɓa saboda kyansa ɗan yanki ne kawai na labarin. Sauran labarin yana cikin tarkacen da suka tsallake, da kuma wurin da kowane dutse yake kwance. Kafin a gane dalili, sai an san yadda ake yin kayan tun farko.

Yadda ake fasa dutse ya yi kaifi

Ba kowane dutse ke yin wuƙa ba. Wanda ake nema shi ne mai laushin ƙwaya, wanda in ya fashe yake fashewa kamar kwalba, irin dutsen ƙyastu da ƙanƙara da wasu baƙaƙen duwatsu da aman wuta ya bari. Duk wanda ya taɓa duba gindin fasasshiyar kwalba ya ga wasu layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Haka ƙarfin bugu ke ratsa irin wannan dutse, kuma shi ke sa a iya sanin inda zai tsage tun kafin a buga.

Mai aikin yakan riƙe curin dutsen a hannu ɗaya, ya riƙe wani dutse mai tauri, mulmulalle, a ɗayan hannun a matsayin guduma. Ba tsakiya ake bugu ba. Sai ya nemi gefen da fuskoki biyu na dutsen suka haɗu suka yi ɗan tsini, inda kusurwar ba ta kai digiri 90 ba, ya buga kusa da baki, a karkace. Idan bugun ya yi daidai, wani falle siriri zai ɓalle daga ƙasa, bakinsa da kaifi kamar aska. Idan kusurwar ta yi faɗi, ko aka buga can ciki, dutsen zai dandaƙe ne kawai, ko ya rabe ba fasali, sau da yawa kuma yatsa ne ke shan wuya.

Kowane falle da hannu ya fitar yana ɗauke da shaida. Akwai ɗan dandamali inda guduma ta sauka, a ƙarƙashinsa akwai ɗan kumburi kamar ƙulli, sannan layukan nan masu lanƙwasa. Da waɗannan alamu masana ke bambance aikin mutum da dutsen da zafin rana da sanyin dare suka tsaga, abin da ke yawan faruwa a hamada.

An daɗe ana ɗauka cewa curin da aka sassaƙe shi ne kayan aikin, fallayen kuwa shara ce. Gwaje-gwajen da wasu masana biyu na Amurka, Nicholas Toth da Kathy Schick, suka yi sun juya wannan fahimta. Sun koyi fasa dutse da hannunsu, suka feɗe dabbobi da shi, har da giwa da ta riga ta mutu, suka ga ɗan falle da bai wuce tsawon yatsa ba yana keta fatar da haƙorin mutum ko farcensa ba za su taɓa hudawa ba. In ya dakushe a jefar, a fitar da wani. Ma'ana, a wurare da yawa fallayen su ne wuƙaƙen, curin kuwa kamar kube ne da ake zaro su daga ciki.

Inda aka faro

Mafi tsufan kayan dutse da aka sani zuwa yanzu an same su ne a Lomekwi, yamma da tabkin Turkana a ƙasar Kenya. Tawagar da Bafaranshiya Sonia Harmand ta jagoranta ce ta gano wurin a 2011, aka wallafa sakamakon a 2015, inda aka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 3 da dubu 300. Manya ne, masu nauyi, kuma alamu sun nuna ana ɗora dutsen ne a kan wani babba kamar maƙera a buga, ko a ɗaga shi da hannu biyu a maka shi a kai. Akwai masanan da har yanzu ke jayayya kan shekarun wurin.

Daga wajen shekara miliyan 2 da dubu 600 shaidar ta fi yawa. A Gona da ke Habasha, Sileshi Semaw da abokan aikinsa sun tono dubban fallaye da curi na wannan zamani. Irin wannan aiki shi ake kira na Olduwai, daga sunan wani kwazazzabo a Tanzaniya inda Louis Leakey da matarsa Mary suka shafe shekaru suna tono tun daga shekarun 1930. Ba a gabashin Afirka kaɗai ya tsaya ba: a Ain Boucherit da ke maƙwabciyarmu Aljeriya, Mohamed Sahnouni ya bayyana a 2018 cewa an samu irin kayan tare da ƙasusuwan dabbobi masu shaidar yanka, masu kimanin shekara miliyan 2 da dubu 400.

Su waye suka yi su? Nan masana ba su da baki ɗaya. An daɗe ana danganta aikin ga wata halitta mai kama da mutum da aka raɗa wa suna Homo habilis a 1964, wato mai hannun sana'a. Sai dai a Nyayanga, bakin tabkin Biktoriya a Kenya, an samu kayan dutse da ƙasusuwan dorina da aka feɗe, kusa da haƙoran wata halitta dabam mai suna Paranthropus, lamarin da ya sake buɗe muhawarar a 2023.

Yadda ake sanin shekarun ma abin lura ne, domin zai dawo kan batun Nijar. A gabashin Afirka duwatsu masu aman wuta sun riƙa zuba toka lokaci zuwa lokaci, tokar ta kwanta hawa-hawa, kuma ana iya auna shekarun kowane hawa a ɗakin gwaji. Dutsen da aka samu tsakanin hawa biyu, shekarunsa na tsakanin nasu. Ba dutsen ake aunawa ba, ƙasar da ta rufe shi ake aunawa.

Nama, ɓargo da saiwa

Mutum ba shi da fiƙar zaki ko muƙamuƙin kura. Falle mai kaifi ne ya ba shi damar yanke cinya daga mushe ya gudu da ita kafin kuraye da ungulaye su taru, dutsen bugu kuma ya ba shi damar fasa dogon ƙashi ya kai ga ɓargo. Masana na gane hakan daga ƙasusuwan: bakin dutse yakan bar siririn zane mai zurfi, haƙorin dabba kuma yakan bar mai faɗi, mara zurfi. Inda zanen dutse ya hau kan na haƙori, an san dabba ce ta riga ci. Inda haƙori ya hau kan zanen dutse, mutum ne ya fara.

Ba nama kaɗai ba ne. A 1981 Lawrence Keeley da Toth sun duba bakin wasu fallaye na Koobi Fora a Kenya, masu kimanin shekara miliyan 1 da rabi, da madubin ƙara girma, suka ga sheƙi iri-iri: na yankan nama, na kankare itace, da na yankan ciyayi. Da dutse ake fiƙe sandar da za a tono saiwa da ita. Sandar ta ruɓe tuntuni, dutsen ne kaɗai ya rage ya ba da labarinta.

Abin da ya fi burge masu bincike shi ne aikin haɗa fallaye. A Lokalalei, wani wuri kusa da tabkin Turkana mai kimanin shekara miliyan 2 da dubu 300, tawagar Hélène Roche ta tattara duk gutsattsarin da ta samu, ta zauna tana mayar da kowane falle gurbinsa kamar mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, har curin ya koma kusan yadda yake. Daga nan aka ga bugu bayan bugu yadda mai aikin ya juya dutsen, inda ya gyara kuskure, da yadda ya fitar da gomman fallaye daga curi ɗaya ba tare da ya ɓata shi ba. Wannan bincike ya yiwu ne kawai saboda babu wanda ya taɓa ɗauke komai daga wurin.

Gatarin hannu

Wajen shekara miliyan 1 da dubu 750 da suka wuce, a Kenya da Habasha, wani sabon abu ya bayyana. Maimakon a fasa dutse don fallayensa kawai, sai aka fara sassaƙa shi fuska biyu har ya ɗauki siffa: gindi mai faɗi da ke cika tafin hannu, kai mai tsini, kaifi kusan duk kewaye. Masana na kiransa gatarin hannu, ko da yake ba shi da ƙota. Galibi ana danganta shi da Homo erectus, kuma ya bazu daga Afirka zuwa Gabas ta Tsakiya, Indiya da Turai.

Sunan da aka san wannan aiki da shi ya samo asali ne daga Saint-Acheul, wata unguwa a garin Amiyan na Faransa. A wannan yanki na kogin Som ne wani shugaban duwan na garin Abbeville, Boucher de Perthes, ya yi ta tsintar irin gatarin a cikin tsakuwa tare da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya. Manyan masana sun yi shekaru suna yi masa kallon mai tatsuniya, sai a 1859 wasu masana daga Ingila suka je suka ga gatari a kwance cikin ƙasar da ba a taɓa motsawa ba, suka gaskata shi. Nan ma wurin da dutsen yake ne ya raba gardama.

Yin gatari mai kyau yana buƙatar tunani tun kafin bugun farko. Sai an rage kauri ba tare da an rage faɗi ba, wanda ke nufin a shirya ɗan dandamali a gefe, a fitar da falle mai tafiya har tsakiyar fuska, a juya, a maimaita a ɗaya fuskar. Daga baya aka gano cewa guduma mai taushi, ta ƙashi ko ƙaho ko icce mai tauri, ta fi fitar da fallaye sirara masu tsawo. A jami'ar Emory ta Amurka an horar da mutanen yau na tsawon watanni, kuma da yawansu ba su kai ga gwanintar waɗancan masassaƙa ba. Wannan ya sa ake kyautata zaton yara sun riƙa zama kusa da manya suna kallo suna gwadawa, kamar yadda ɗan maƙeri ke fara da zuga kafin a ba shi masaba.

Wani abin mamaki shi ne siffar gatarin ta shafe fiye da shekara miliyan ɗaya ba ta sauya sosai ba.

Wajen shekara dubu 300 da suka wuce aka koma wata dabara da ake kira Levallois, daga sunan wata unguwa a gefen Paris. A nan curin ake gyarawa tukuna, a sassaƙe bayansa ya yi tudu kamar ƙoƙon kunkuru, sannan da bugu ɗaya a fitar da falle mai siffar da aka riga aka tsara. Irin waɗannan kaya aka samu a Jabal Irhud na Maroko tare da ƙasusuwan da a 2017 aka bayyana a matsayin mafi tsufa na mutane irinmu.

Rabon Nijar

Sahara ba ta dawwama a bushe ba. Sau da yawa damina ta hauro arewa, tabkuna suka cika, ciyawa ta rufe inda rairayi yake yau, mutane suka bi dabbobi suka shiga, sannan fari ya dawo ya kore su. Kowane zuwa ya bar duwatsunsa.

Wurin da ya fi nuna hakan shi ne Adrar Bus, wani dutse a gefen Tenere, arewa maso gabashin Abzin. A 1970 masani ɗan Ingila Desmond Clark ya yi bincike a can, ya samu kayan zamunna dabam-dabam a kewayen tsofaffin tabkuna: gatarin hannu, sannan kayan da ake kira na Atir, sannan na masunta da makiyayan da suka zo daga baya. Kayan Atir, waɗanda sunansu ya fito daga Bir el-Atir a Aljeriya, ana gane su da wata ƴar wutsiya da ake sassaƙawa a gindin dutsen. Amfaninta a fili yake ga duk wanda ya taɓa ƙota fartanya: a cusa ta cikin icce, a ɗaure da jijiya, wataƙila a ƙara da ƙaro. Haɗa dutse da ƙota babban ci gaba ne, domin hannu ya samu tsawo da ƙarfi, yatsu kuma sun huta da yanka. An samu irin kayan a Sagadin da ke yankin Kawar, inda Bafaranshe Thierry Tillet ya yi tono.

Sai Gobero. A shekara ta 2000 tawagar Paul Sereno na jami'ar Chicago, wadda ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe take nema, ta yi kiciɓis da wata tsohuwar maƙabarta a bakin busasshen tabki a Tenere. An ƙidaya kaburbura kusan 200. Rahoton da aka fitar a 2008, wanda masanin Nijar Umaru Ide na cikin marubutansa, ya nuna al'ummu biyu ne suka zauna a wurin. Na farko, daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masunta ne da mafarauta, masu zago na ƙashi da ƙananan fallayen dutse da ake jerawa a jikin icce ko ƙashi. Sun ci giwan ruwa a inda yau babu ko ɗigo. Bayan wani dogon fari, wasu suka zo daga wajen 5200 zuwa 2500, su ne masu kawunan kibiya masu kyan gani da wuƙaƙe masu siffar faifai da aka yi da wani koren dutse. Ba a samun dutsen a Gobero, daga gefen Abzin aka ɗauko shi, tafiyar fiye da kilomita 100.

Kawunan kibiyar nan ba da bugu ake gama su ba. Ana ɗora tsinin ƙashi ko ƙaho a bakin dutsen a danna da ƙarfi, ɗan falle kamar ƙwayar shinkafa ya fita, a matsa gaba a sake, har a zagaye. Gatarin aradu na gonakin kudu shi ma daga wannan zamani na baya-baya yake, lokacin da aka koyi goga dutse a kan dutse da rairayi da ruwa har bakinsa ya yi sumul, wanda ya fi jure saran icce. Idan aka kwatanta da Lomekwi, jiya-jiya ne.

Abin da ke tafiya da dutsen

Matsalar hamada ita ce babu tokar aman wuta da ta rufe kayan hawa-hawa kamar a Kenya. Iska takan kwashe rairayi ta bar duwatsu a fili, wani lokaci na zamunna biyu ko uku a haɗe. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne tsarin kwanciyarsu: ga inda wani ya zauna ya yi sassaƙa fallaye suka zube kewaye da shi, ga murhu, ga dutsen niƙa da ɗansa, ga ƙasusuwan kifi. Gawayin murhu ko ƙashi ana iya auna shekarunsu idan ba su wuce kimanin dubu 50 ba, kuma dutsen da ke gefensu ya samu shekaru ta dalilinsu.

Mai tsinta yakan ɗauki kibiya da gatari da wuƙar faifai, wato ainihin kayan da ake gane zamani da al'umma da su, ya bar tarkacen. Wanda ya zo bayansa ya ɗauki abin da ya rage mai ɗan kyau. A ƙarshe wurin ya zama ba ya iya faɗin komai, dutsen da ya isa Turai kuma ba a san daga ina ya fito ba in ban da kalmar Sahara da aka rubuta a jikin kwalinsa. Taya mota ma na yin nata ɓarnar, kuma zirga-zirga a arewa ta ƙaru sosai tun da aka gano zinariya a Jado a 2014.

Doka dai tana nan. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga watan Yunin 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, kuma ba ta yarda a yi tono ko a fitar da irin waɗannan kaya waje ba sai da izinin hukuma. Gandun Abzin da Tenere yana cikin jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 1991, an kuma sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari tun 1992. Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai su ne ke da alhakin nazari da adana abin da aka samu. Amma faɗin jihar Agadas ya fi na ƙasar Faransa, kuma kan kibiya na shiga aljihu.

Da wuya a ɗora laifin duka a kan makiyayi ko direban da ya tsinci dutse ya sayar don cefane, alhali ribar gaske tana hannun dillalan waje. Abin da masu bincike ke roƙo daga wanda ya ci karo da irin wurin bai da yawa: ya ɗauki hoto da wayarsa, ya riƙe alamar wurin, ya bar duwatsun yadda ya same su, ya sanar da hukumomin al'adu na jiha. Su ma masu sayen ba kullum suke samun abin da suka biya ba, domin jabu sun cika kasuwar. Akwai masu sassaƙa sababbin kibiyoyi da tsinin ƙusa, su turbuɗa su cikin ƙasa su yi kamar sun tsufa, kuma yakan ɗauki gwani da madubin ƙara girma kafin a bambance su da waɗanda iska da rairayi suka shafe shekara dubu biyar suna gogewa.